Yadda ake bin sawun masu kutse daga likau guda ɗaya

Saƙon da aka fi kawo mini bai wuce iri biyu ba: ko dai "an dakatar da asusunka, danna nan ka sabunta BVN ɗinka", ko kuma fom ɗin tallafin bogi da ke yawo a zaurukan WhatsApp. Wanda ya kawo so yake a ce masa gaskiya ne ko ƙarya, kuma wannan amsar ba ta cin minti biyu. Aikin da zan nuna maka ya wuce nan. Za ka ɗauki likau ɗin nan guda, ka bi shi har ka gano sauran shafuka da sabobin (kwamfutocin da ake ɗora shafuka a kansu) da mai shi ya tanada, wani lokacin tun bai fara amfani da su ba, domin a toshe su gaba ɗaya.

Abin da ke sa aikin ya yiwu shi ne, mai kutse ma ɗan Adam ne, yana da kasala. Kamfanin da ya sayi sunan shafi a wurinsa jiya, can zai koma gobe. Fayilolin da ya ɗora a shafin farko, su zai kwafa zuwa na biyu. Wannan maimaicin shi ne sawun da za ka bi.

A misalai zan yi amfani da suna tallafi-yau[.]example da lamba 203.0.113[.]45. Irin sunaye da lambobin da aka keɓe don koyarwa ne, ba sa kaiwa ko'ina.

Kayan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka haɗa waɗannan tun kafin a kawo maka ƙara.

- Kwamfutar da ba ita kake shiga banki ko imel ɗinka da ita ba. Idan guda ɗaya gare ka, saka VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin taka, kyauta ne, ka girka Linux a cikinsa, ka adana hoton yanayinta tun tana sabuwa domin ka riƙa mayar da ita bayan kowane bincike.
- Layin intanet da ba na ofis ba. VPN ya yi, wani layin waya na daban ma ya yi.
- Jadawali a Excel ko LibreOffice mai gurbi bakwai: alamar (suna, lamba ko fayil ɗin da ka gano), irinta, inda ka samo ta, ranar da aka fara ganinta, ranar da aka gan ta ta ƙarshe, ranar da kai ka duba, da ƙarfin alaƙa. Rubuta lokaci da agogon UTC, domin da shi dandalolin nan suke aiki. Agogon Najeriya da Nijar yana gaba da shi da awa ɗaya.
- Asusun kyauta a VirusTotal, urlscan.io, Shodan, Censys da AlienVault OTX. Shafin crt.sh ba ya neman rajista. Ka kuma san URLhaus da ThreatFox na abuse.ch. Kada ka buɗe asusun nan da cikakken sunanka.
- Wurin zana taswira. Maltego yana da sigar kyauta, amma ni har yau takarda da biro sun fi yi mini sauri, kuma ɗauke wuta ba ya shafarsu.

Sai iyakar da ba a tsallakewa. Duk abin da ke ƙasa karatun bayanan da wasu suka riga suka tattara ne. Ba za ka gwada kalmar sirri a sabar mai kutse ba, ba za ka laluba ƙofofinta ba, ko da ka tarar da su a buɗe. Sashe na 6 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma bai keɓe kwamfutar ɓarawo ba. Ban da haka, sau da yawa sabar ta wani bawan Allah ce da aka yi wa kutse. Garin neman gira kada ka rasa ido.

1. Adana abin da aka kawo, ka cire masa dafi

Kafin komai, ɗauki hoton saƙon yadda ya zo, da lambar da ta turo da lokaci. Idan imel ne, kada ka karɓi wanda aka tura maka ta hanyar turawa gaba, domin kan wasiƙar na asali ya ɓace. A Gmail mai shi ya danna "Show original" ya sauke fayil ɗin. Layukan da suka fara da Received ana karanta su ne daga ƙasa zuwa sama, amma waɗanda sabar imel ɗinku ta rubuta da kanta kaɗai za ka amince da su. Na ƙasa da su mai turowa zai iya ƙirƙira.

Sannan ka rubuta likau ɗin ta yadda ba zai dannu ba: http ya koma hxxp, ɗigo ya koma [.]. Kamar wasa ne, sai ranar da ka tura rahoto a WhatsApp shugabanka ya danna da babban yatsa. Idan gajeren likau ne na bit.ly, ƙara alamar + a ƙarshensa zai nuna maka inda ya nufa ba tare da ya kai ka can ba.

2. Tambayi waɗanda suka riga ka gani

Saka sunan shafin a akwatin nema na VirusTotal, urlscan.io, OTX, URLhaus da ThreatFox. Nema na ce, ba ɗorawa ba, kuma bambancin yana da girma. Nema tambaya ce kawai: ko wani ya taɓa kawo wannan? Ɗorawa kuwa tana aika na'ura ta ziyarci shafin, mai kutse ya gani a rajistar sabarsa, sakamakon kuma ya fito fili. Fayil ɗin da ka ɗora a VirusTotal, masu asusun kuɗi za su iya sauke shi. Saboda haka idan fayil aka kawo maka, fitar da zanen yatsansa, wato doguwar lambar da ke bambanta shi da kowane fayil, da umarnin sha256sum, ka nemi wannan lambar maimakon fayil ɗin.

Na taɓa yin wannan kuskuren a farkon aikina. Na ɗora wani likau a urlscan.io a bainar jama'a, ban lura ba ashe adireshin imel ɗin ma'aikaciyar da aka turo wa yana manne a wutsiyarsa. Na tona adireshinta, na kuma sanar da mai kutse cewa wannan ofishin ya farga. Kafin la'asar shafin ya mutu, muka rasa sawun. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: idan dole sai ka ɗora, yanke duk abin da ya biyo bayan alamar tambaya a likau ɗin, ka zaɓi Private ko Unlisted.

Idan ba a samu komai ba, kada ka ɗauka shafin lafiyayye ne. Wataƙila sabo ne kawai.

3. Duba rajistar sunan

Je ka lookup.icann.org, ko ka buga whois da sunan a Linux. Idan sunan na .ng ne, rajistarsa tana hannun NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng. Da can a nan ake kama mutane da yawa. Rahoton da kamfanin Mandiant ya fitar a Fabrairun 2013 kan ƙungiyar da ya kira APT1, wadda ya danganta da rukuni na 61398 na sojojin Sin a Shanghai, ya jingina wani ɓangare na hujjarsa da bayanan rajistar sunaye. Tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018, yawancin sunaye da imel da lambobin waya an rufe su.

Duk da haka abu uku sun rage, kuma suna da amfani: ranar da aka yi rajista, kamfanin da aka saya a wurinsa, da sabobin suna da aka ɗora shi a kai, wato masu amsa tambayar inda sunan yake. Shafin "banki" da aka yi wa rajista shekaranjiya ya riga ya ba ka amsa.

Akwai tarko a nan. Idan ka ga sunan ya yi shekara takwas, shafin kuma na makaranta ne ko na wani kanti, amma fom ɗin damfarar yana ɓoye a wani lungu can ciki, to shafin halal ne aka fasa. Mai shi wanda aka zalunta ne. Ka rubuta cikakken likau ɗin a matsayin mugu, kada ka rubuta sunan shafin gaba ɗaya, kuma kada ka bi bayanan rajistarsa, za su kai ka gidan wanda bai ji ba bai gani ba.

4. Nemo lambar IP da tarihinta

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma aka fi yin ɓarna.

DNS shi ne tsarin da ke fassara suna zuwa lambar IP, wato adireshin saba a intanet. Akwai kamfanonin da ke zaune suna rubuta amsoshin da ke wucewa: suna kaza ya nuna lamba kaza daga rana kaza zuwa rana kaza. Ana kiran wannan rumbun passive DNS, dabarar da Florian Weimer ya gabatar a 2005. Amfaninsa biyu ne. Yana ba ka tarihi, kuma yana ba ka damar juya tambayar: wannan lambar, waɗanne sunaye ne suka taɓa zama a kanta? A kyauta za ka samu a sashen Relations na VirusTotal da kuma OTX. SecurityTrails da DNSDB sun fi zurfi, amma zurfin na kuɗi ne. Babu rumbun da ya ga komai, don haka duba aƙalla biyu.

Ka samu lamba, a ce 203.0.113[.]45. Kafin ka yi murna, tambayi ta wane ne. Shafin bgp.he.net zai faɗa maka kamfanin da ke riƙe da ita da lambar ASN ɗinsa, wato lambar shaidar hanyar sadarwarsa, ko ka yi amfani da whois na Team Cymru. Daga nan za ka ga ɗaya daga cikin yanayi uku.

Na farko, lambar ta kamfanin da ke tsayawa a gaban shafuka ce, irin Cloudflare mai AS13335. Wannan tashar mota ce. Ganin mutum biyu a tashar Unguwa Uku bai sa sun zama 'yan gida ɗaya ba. Kada ka bi ta, kada ka toshe ta. Abin da za ka yi shi ne ka koma tarihi, domin sau da yawa mai kutse yana fara ɗora sunan a kan sabarsa ta gaskiya na 'yan awoyi kafin ya ɓoye ta, kuma rumbun ya riga ya rubuta.

Na biyu, gidan haya ne: sunaye ɗaruruwa ko dubbai a lamba ɗaya, da na coci, da na masallaci, da na mai sayar da takalma. A nan sai ka tace. Nemi waɗanda suka yi kama da naka a tsarin suna, kuma aka yi musu rajista a mako ɗaya, a kamfani ɗaya.

Na uku shi ne abin nema: lamba mai sunaye biyar ko goma, duk masu ƙamshi ɗaya, tallafi-yau, tallafi-gobe, sabunta-asusu. Wannan sabar haya ce da mutum ɗaya ke riƙe da ita. Kwashe su duka zuwa jadawali, kowanne da ranakunsa.

Ranakun nan kada ka raina su. Lambar IP kamar ɗakin otal take, wanda ya kwana a ciki bara ba shi ne na bana ba. Idan sunan naka ya zauna a lambar a watan Maris, wani sunan kuma ya bar ta tun Nuwamban da ya wuce, babu abin da ya haɗa su sai bango. Sai lokutan sun haɗu za ka ja layi tsakaninsu.

Wani abin kuma: idan ka ga lamba ɗauke da dubban sunaye miyagu na ƙungiyoyi daban-daban, ba ka gano uban gayyar masu kutse na duniya ba. Rami ne da masu tsaro suka haƙa. Suna karɓe sunayen miyagu su karkatar da su zuwa sabarsu, domin su ƙirga kwamfutocin da suka kamu. Shadowserver da Microsoft suna yin haka, kuma irin wannan rajistar ce Marcus Hutchins ya yi a ranar 12 ga Mayu 2017 ta dakatar da yaɗuwar WannaCry.

5. Bi takardun shaidar kwaɗo

Kwaɗon nan da ke gefen adireshi a burauza yana nufin shafin yana da takardar shaidar TLS. Ba ya nufin mai shafin mutumin kirki ne, domin Let's Encrypt na bayar da ita kyauta ga duk mai suna. Amfaninta gare mu shi ne, tun 2018 burauzar Chrome ba ta karɓar sabuwar takarda sai an rubuta ta a rajistar da kowa zai iya karantawa.

A crt.sh rubuta %.tallafi-yau.example. Za ka ga duk ƙananan sunayen da aka nema wa takarda, har waɗanda ba a fara amfani da su ba, da ranar da aka fitar da kowacce. Ranar takardar farko yawanci ita ce ranar da aka tayar da shafin. Buɗe takardar ka duba jerin sunayen da ke cikinta. Idan mai kutse ya haɗa sunaye huɗu a takarda ɗaya don ragwanci, ya ɗaure su da igiya ɗaya da hannunsa. Amma ka lura, wasu kamfanonin haya ma suna haɗa abokan cinikinsu a takarda ɗaya. Shafin crt.sh yana yawan nauyi. Idan ya ƙi, jira kaɗan ko ka nemi takardar a Censys.

6. Nemi zanen yatsan sabar da na shafin

Shodan, wanda John Matherly ya buɗe a 2009, da Censys, wanda ya fito daga Jami'ar Michigan, suna zagaya intanet suna rubuta abin da kowace saba ke amsawa. Kai karanta nasu za ka yi. Saka lambar, ka duba ƙofofin da ke buɗe, taken shafin, takardar shaida, da makullin SSH, hanyar da ake shiga saba daga nesa. Sannan ka juya: wace saba ce kuma ke da wannan alamar?

A Shodan, http.title yana nemo masu take iri ɗaya, http.favicon.hash kuma yana nemo masu ƙaramin tambarin nan da ke saman burauza. Wannan na biyun ina son sa, domin mai kwaikwayon banki dole ya saci tambarin bankin. Sakamakon zai haɗa da sabobin bankin na gaskiya. Cire waɗanda ke ASN ɗin bankin da na kamfanonin da yake hulɗa da su, abin da ya rage shi ne abin dubawa. Idan harin ya wuce damfara zuwa manhajar leƙen asiri, akwai sanannun alamu: wanda ya girka Cobalt Strike, manhajar gwajin kutse da miyagu ma ke amfani da ita, bai canza komai ba yakan bar ƙofa ta 50050 a buɗe, da takarda mai lamba 146473198. Zanen JARM, wani zanen yatsan saba da Salesforce ya fitar a 2020, shi kaɗai ba hujja ba ne, dubban sabobin halal suna da iri ɗaya.

Asusun Shodan na kyauta yana da ƙunci. In ya tsaya maka, koma urlscan.io, wanda a wurina ya fi amfani ga shafukan damfara. Buɗe sakamakon da wani ya riga ya yi, shiga jerin fayilolin da shafin ya ɗauko, ka zaɓi wanda ba na kowa da kowa ba, misali hoton da aka rubuta "Taya murna" da kuskuren rubutu, ko fayil mai baƙon suna. Danna zanen yatsansa, za a jero maka duk shafukan da suka taɓa ɗauko wannan fayil ɗin. Kada ka zaɓi jQuery ko Bootstrap, rabin intanet na amfani da su. A rubutun shafin kana iya tarar da lambar Google Analytics, ko makullin bot na Telegram da ake tura bayanan mutane ta cikinsa. Rubuta shi a jadawali a matsayin alama. Kada ka yi amfani da makullin ka leƙa, wannan ya shiga abin da doka ta hana.

7. Auna kowace alaƙa

Yanzu jadawalinka ya cika, sai ka koma gurbi na bakwai. Kama da wane ba ta wane. Kamfanin rajista ɗaya, ASN ɗaya, Let's Encrypt, duk waɗannan raunana ne. Saba ɗaya ta mutum ɗaya a lokaci ɗaya, takarda ɗaya, imel ɗin rajista ɗaya, makullin Telegram ɗaya, waɗannan masu ƙarfi ne. Fayil iri ɗaya yana tsakiya, domin kayan haɗa shafin damfara sayar da su ake yi, mutum goma da ba su san juna ba za su iya saye a hannun dillali ɗaya.

Ƙa'idata ita ce, ba na saka suna a jerin toshewa sai alamu biyu da ba su dogara da juna ba sun nuna shi, kuma lokaci ya haɗu. Ba na kuma yin nisa fiye da tsalle biyu daga likau ɗin farko ba tare da na tsaya na sake aunawa ba. Wanda ya ƙi tsayawa, kafin magariba zai haɗa mai tallafin bogi da rabin duniya. Na taɓa ba da lambar gidan haya a toshe, washegari sashen kuɗi suka kasa buɗe shafin wani mai kawo mana kaya. Tun daga ranar, suna nake bayarwa a toshe, lamba kuwa sai na tabbatar ta mutum ɗaya ce.

8. Kada ka yi gaggawar kiran suna

Lamba a Holan ba ta nufin mai kutse Bature ne, haya ya kama. Mu da ake jingina wa kowace damfarar imel ya kamata mu fi kowa sanin zafin zargi ba hujja. Manya ma an yaudare su: manhajar da ta kai hari a bikin buɗe gasar Olamfik ta Pyeongchang a Fabrairun 2018 an dasa mata alamun ƙarya da ke nuna Koriya ta Arewa, sai a Oktoban 2020 Amurka ta tuhumi jami'an leƙen asirin sojan Rasha da aikin. Kai ba wa tarin alamun da ka haɗa lamba, ka ce "Tari na 1", ka bayyana ɗabi'arsa: inda yake sayen suna, irin kalmomin da yake zaɓa, kwana nawa yake ɗauka tsakanin rajista da tura saƙo. David Bianco ya yi bayani tun 2013 cewa sauya lamba ko suna ba ya yi wa mai kutse ciwo, sauya ɗabi'a ce ke ba shi wahala. Idan ka ci karo da sunan mutum ko lambar waya, hukuma za ka miƙa wa, ba Facebook ba.

9. Rubuta rahoto, ka kai inda ya dace

Shafi ɗaya ya isa: abin da aka kawo, abin da ka gano, jerin alamu da ranakunsu, da ƙarfin yaƙininka a kan kowacce. Raba abin da ka gani da abin da kake zato. Saka alamar TLP a sama, mai nuna waɗanda aka yarda su ga rahoton: RED ga waɗanda aka ba kaɗai, AMBER ga ma'aikata da abokan hulɗar da abin ya shafa, GREEN ga abokan sana'a, CLEAR ga kowa.

Ka tabbata ka gama adana hotuna da sakamako kafin ka kai ƙara, domin da zarar an sauke shafin shaidar ta tafi. Fara da masu kula da hanyar sadarwarku su toshe, su kuma duba rajista ko wani ya riga ya shiga sunayen. Sannan ka aika wa adireshin ƙorafi na kamfanin rajista da na kamfanin haya, duka suna cikin sakamakon whois. Kai likau ɗin shafin ƙorafi na Google Safe Browsing domin burauzoji su fara gargaɗi. Sanar da bankin ko hukumar da aka kwaikwaya. A Najeriya akwai ngCERT, cibiyar karɓar rahoton kutse, a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya sa wa ma'aikatun da aka kai wa hari wa'adin awa 72 su kai rahoto. Idan an yi asarar kuɗi, kai ƙara cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta 'yan sanda ko EFCC.

Bayan kwana uku, sannan bayan mako guda, sake gudanar da binciken nan na tambari da na fayil da ka adana. Idan sabon suna ya fito, buɗe sabon layi a jadawali, ka koma mataki na 3 da shi.